Amsa kan tumatirin da gindinsa ke baƙi kafin ya nuna

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa tumatirin lambunka yake yin baƙin tabo a gindi tun bai nuna ba, alhali ganyensa kore shar. Wannan ba cuta ce mai yaɗuwa ba, don haka maganin feshi ba zai amfane ka ba. Sinadarin kalsiyam ne ba ya isa ga 'ya'yan lokacin da suke girma, kuma galibi ba ƙasar ce ta rasa shi ba, ban ruwan ne ba ya tafiya daidai: yau a jiƙa ƙasa sharkaf, sannan a bar ta kwanaki ta bushe ƙamas. Da ruwa saiwa take ɗaukar sinadarin, idan ruwa ya yanke shi ma ya yanke.

Shawarata ita ce ka riƙa zuba ruwa a gindin shukar da sassafe ba fashi, ka rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa domin ta riƙe danshi. Ka rage takin yuriya, domin ganye yake ƙarawa, ganyen kuma ya janye abin da 'ya'yan suke buƙata. Waɗanda suka yi tabo ka tsinke su. 'Ya'yan farko ne suka fi kamuwa, na baya sukan fito lafiya idan ruwan ya daidaita.