Tambayi Likitan Dabbobi: Duƙushi Mai Tumbi, Ga Haƙarƙari a Waje

Tambaya daga Gidar: Likita, goɗiyata ta haihu yau kwana tara. Ɗan yana zawo, amma yana shan nono yana tsalle-tsallensa.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Yawancinsu sukan yi haka a sati na biyu, kuma yakan tsaya da kansa. Ka riƙa wanke masa ƙarƙashin wutsiya kana shafa basilin. Amma ranar da ya ƙi nono ko ya lafe a ƙasa, ka kira likita a ranar, kada ka kwana.

Tambaya daga Marwa: Duƙushina wata huɗu, ciki ya yi tulu amma ana ƙirga haƙarƙarinsa, gashi ya tashi, yana ɗan tari. Wani dattijo a unguwarmu ya ce in ɗura masa kalanzir da kanwa, in bai yi ba a yi masa lalas.

Amsa: Alhaji, don girman Allah kada ka yi. Wallahi na gaji da kalanzir ɗin nan! Ƙone maƙogwaro da hanji yake yi, in kuwa dabba ta shaƙe ya gangara huhu, sai dai haƙuri. Lalas kuma ƙuna ce kawai a kan ciwo, ƙarshenta ƙuda da tsutsa.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsutsar ciki, farar nan mai kauri da ke addabar 'yan duƙushi. Bara an kira ni wani ƙauye kusa da Mora, na tarar an riga an yi ɗurin, dabbar ta mutu. Da muka buɗe hanjin, ga su nan cunkus kamar dafaffiyar taliya, wasu sun haura santimita 30. Mai dokin yana ta cewa, "Likita, ai tumbi gare shi, na ɗauka ƙoshi ne." Su suke cinye abin da ya ci. Tarin ma nasu ne, domin ƙananansu sukan bi ta hanta da huhu kafin su sauka hanji. Ƙwansu kuma yana shekaru a ƙasar turke bai mutu ba, shi ya sa gida ɗaya yake fama kowace haihuwa.

Maganin da muke farawa da shi fenbendazol ne na baki, tun yana wata 2 zuwa 3, a sake kafin yaye, gwargwadon nauyinsa. Naka ya riga ya cika da su, saboda haka kada ka sayo magani a kasuwa ka ɗura da ka. In suka mutu lokaci guda sukan toshe hanji. Allurar ivamektin ta shanu kuma kada ta taɓa shi. Ka kai shi ofishin dabbobi a duba kashinsa, a ji ƙirjinsa, don tari da rama kan zama ciwon huhu. Ka kwashe kashi kullum, ka daina zuba harawa a ƙasa, in da fili ka sauya turke. In ya fara birgima yana waiwayen cikinsa, ko da tsakar dare ne, nemi likita.

Ka duba uwar ma. Goɗiya mai shayarwa da ke kan karan dawa zalla a bazarar Marwa ba za ta yi nono ba. Tana son harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da gishiri, ruwa kuma kada ya yanke a gabanta.

Tambaya daga Kuseri: Zan iya ƙara masa abincin kaji don ya yi saurin ƙiba?

Amsa: A'a, ko cokali ɗaya. Wani abincin kajin yana da maganin monensin, wanda ke lalata zuciyar doki ya kashe shi.

Tambaya daga Ngaundere: In yaye shi a wata uku?

Amsa: Ya yi wuri, ɗan'uwa. Bari ya kai wata 5 zuwa 6, ya saba da harawa da dusa tukuna. In a rame yake, likita ya fara ganinsa kafin ka raba shi da uwar.