Amsa ga amaryar da ke tambaya kan gwal ɗin lefenta

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Kin ce angon ya ba ki kuɗin gwal a hannu ki zaɓa da kanki, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka: babban saitin nan mai duwatsu, mai kama wuya, da amare ke yayi yanzu, wanda wata ta ce za ta ba ki ƙasa da farashin kasuwa, ko ƙaramin saiti marar ado a shago. Wallahi ina kaiwa wajen "ƙasa da farashin kasuwa" gabana ya faɗi, don da wannan maganar aka cuce ni.

Ni dillaliya ce ta kawo nawa, ƙawar yayar mijina, mace mai shiga gidajen mutane ana kiranta Hajiya ana shimfiɗa mata darduma. Ta ce ɗan Italiya ne, ta rantse, ta nuna mana 750 a jikin maƙullin sarƙar. Babu rasit, babu awo, wai ai an zama ɗaya. Aka jera shi a akwatin lefe, dangina suka yi ta guɗa. Ina lallaɓa shi, sai biki na gani na faɗa nake sakawa, in dawo in goge in naɗe a auduga.

Sai Mama ta kwanta ciwo, likita ya ce aiki za a yi mata, kuma sai an biya kafin a shiga da ita. Na ɗauki saitin na tafi wajen masu gwal ni da ƙanena, ina lissafin abin da zai rage na magani. Mai shagon ya ɗora a sikeli, ya juya shi a hannu, ya ce in ba shi izini ya ɗan kankare bayan abin wuyan. Ya goga a baƙin dutsensu, ya ɗiga ruwan gwaji. Layin da gogawar ta bari a dutsen ya ɓace a idona, alamar ba gwal ba ne. Ya ɗiga a inda ya kankare, wurin ya yi kore yana kumfa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, maƙullin ne kawai gwal, sauran tagulla ce aka yi wa ruwa." Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. A kan bencin shagon na zauna ina kuka, mutane na wucewa suna kallona, Mama tana can kwance tana jira na kawo kuɗi. Da na je wajen matar, ko gezau. Cewa ta yi ni na canja shi, wai wa ya san inda na kai shi duk shekarun nan. Yayar mijina ta goya mata baya, ni na koma mai ƙazafi a cikin dangi. Har yau tana shiga bukukuwanmu da jakarta tana buɗe wa amare kaya. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Don haka ki saurare ni. Gwal ba ya araha. Farashinsa na duniya ne, ana yanke shi da dala a kan oza, wato giram 31.1. A watan Maris na 2025 oza ta haura dala 3,000, a Oktoban shekarar ta wuce 4,000, ga naira da ta faɗi tun da aka sake ta a 2023. Wanda ke da gwal na gaske, ko yau ya shiga kasuwa za a ƙirga masa kuɗinsa. Me zai sa ta karyar miki?

Lambar jiki kuma kada ta ruɗe ki. Gaskiya ne 750 na nufin karat 18, kashi 75 cikin ɗari gwal, shi ne yawancin ɗan Italiya. 875 karat 21 ne, wanda aka fi samu a Saudiyya, 916 kuma karat 22. Na Italiya na ainihi, irin wanda ake ƙerawa a Arezzo da Vicenza, bayan 750 ɗin akwai wani ɗan hatimi mai tauraro da lambar maƙerin da haruffa biyu na lardin, AR ko VI. To amma duk wannan ana bugawa a jabu. Mayen ƙarfe ma ba hujja ba ne, don tagulla ba ta kama shi. A auna a gabanki, a gwada a wurare daban-daban, ba maƙulli kaɗai ba, a rubuta miki giram da karat da farashin giram a rasit mai sunan shago. Ki fita da shi ki shiga wani shagon ki ce sayarwa za ki yi, ki ji nawa za su taya.

Babban saitin kuma, ko da na gaske ne, ni ban ba ki shawara ba. Ranar saye da duwatsun ake auna miki, ranar sayarwa sai an cire nauyinsu, kuɗin ƙira ma ya tafi. Yayi kuma wucewa yake. Iyayenmu murjani da tsakiya da azurfa suka sani, aka zo aka yi na Makka, aka yi na Dubai, yanzu kowa irin na amaren Indiya yake so har da na goshi. Ki sayi feshin mai kyau, wato saitin ado wanda ba gwal ba, ko ki yi haya ki yi dina da kamu, a hoto babu mai bambancewa. Kuɗin angon ki zuba su a awarwaro ko sarƙa marar dutse, karat 21 ko 22. Kuma ki faɗa masa gaskiyar wanne ne wanne tun yanzu, kada wata rana danginsa su ce ina babban gwal ɗin da aka saya miki.

Ranar biki ma ki kula, don a hayaniyar kai amarya ake rasa kaya. Ki damƙa wa mahaifiyarki ko wata gwaggo guda ɗaya, kada ya kwana a ɗakin da ƙawaye ke shige da fice. Rasit ɗin ki ɗauke shi a waya, ki ajiye na takardar a gidanku.

Idan kuma kina da tsohon gwal da kike son haɗawa, kada ki yi musaya ki cika kuɗi. Malamai sun ce gwal da gwal sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Ki sayar da naki ki karɓi kuɗinki tukuna, sannan ki sayi sabon.

Ki faɗa mana garin da kike, in Kano ne ni da kaina zan raka ki, kuma don Allah kada ki tura wa matar nan ko sisi kafin nan.