Re: Idan da Jamus ce ta ci yaƙi, ta ina zan fara labarin?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka rubuta labarin da Hitler ya mamaye Ingila, da leƙen asiri da binciken kisan kai a ciki, amma ka rasa bakin zaren. Ni dai shawarata kar ka fara da fagen daga, fara da gawa ɗaya a wani ɗaki, shayi ya huce a kan tebur, sai ɗan sanda Baturen Ingila da aka turo ya bincika alhali ogansa yanzu hafsan Jamus ne. Nan fa daɗin yake wallahi, domin duk sunan da ya tono zai iya zama na masu yaƙar mamayar a ɓoye, in ya faɗi gaskiya an harbe su, in ya rufe kuma shi ne a ciki.

Sannan wuri ɗaya tak za ka karkatar da tarihi. Da gaske Jamus ta shirya tsallaka teku a 1940, a watan Satumba aka ɗage shirin saboda sun kasa murƙushe sojan saman Ingila, to kai sai ka ce sun tsallaka, sauran kuma ka bar shi yadda yake. Ka karanta yadda aka zauna a tsibiran Jersey da Guernsey, waɗanda ke ƙarƙashin sarautar Ingila a kusa da gaɓar Faransa, daga 1940 zuwa 1945, can mamayar gaske aka yi, kuma 'yan sandan wurin sun ci gaba da aiki ƙarƙashin Jamusawa, ga dokar hana fita da dare ga ƙwace rediyo. Daga nan za ka samo ƙananan abubuwan da za su sa mai karatu ya yarda da kai.