Ku Tambayi Baba Mai Kaset: Metallica da Megadeth, Wa Zai Sayi Gurasa?

Tun da na taɓo mutuwar Ozzy Osbourne, mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath, a wannan fili, wasiƙu a kan kiɗan hebi metal suke ta shigowa. Ashe masu jinsa suna nan a Kano, iyafis ne kawai ya rufa musu asiri. Na zaɓi guda huɗu, na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Baba, ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre. Ni da abokin aikina shago ɗaya, sifika ɗaya, kullum sai mun yi musu. Ni ɗan Metallica ne. Shi kuma cewa yake in ban da kuɗi babu abin da suka fi Megadeth da shi, wai ma da waƙoƙin Dave Mustaine suka yi suna bayan sun kore shi. Mun yarda wanda ka kayar shi zai sayi gurasa da tsire. Wa ya fi barin gado?

AMSA: Ɗana, shari'ar da kuka kawo mini ta girme ku duka biyun. A 1981 Lars Ulrich, ɗan ƙasar Denmak mai kiɗan ganga, ya sa talla a jarida a Los Angeles yana neman abokan kiɗa, James Hetfield, mawaƙi mai jita, ya amsa, aka kafa Metallica. Mustaine ya shigo a matsayin babban mai jita. Hannu gare shi, babu mai musu, amma ga shaye-shaye ga saurin kai duka. Ran 11 ga Afrilun 1983, suna New York ana shirin ɗaukar faifansu na farko, suka tashe shi daga barci suka ce ya tattara nasa ya nasa. Tikitin bas suka miƙa masa, ya yi kwanaki a hanya kafin ya isa Los Angeles, Kirk Hammett kuma ya maye gurbinsa. Da wannan takaicin ya kafa Megadeth a shekarar.

Abokinka yana da 'yar gaskiya. Sunan Mustaine yana kan waƙa huɗu a Kill 'Em All na 1983, da guda biyu a Ride the Lightning na 1984. Shida ke nan, kuma ba su ɓoye ba, a rubuce yake a bayan faifan. Amma faifan da ya kai su inda suke, Master of Puppets na 1986, babu sunansa a ciki ko sau ɗaya. Mutumin da hannunsa ya fi fitowa a wannan zamanin Cliff Burton ne, mai babbar jita, wanda ya kawo musu ilimin jera sauti. Shi ne ya mutu a Suwidin a watan Satumban 1986 da motarsu ta kife, yana ɗan shekara 24.

Ga aikin da zan ba ku, ku yi shi a kan sifikar nan taku. Akwai waƙa ɗaya da Mustaine ya rubuta, kowane ɓangare ya fitar da tasa. Ta Metallica sunanta The Four Horsemen, ta Megadeth kuma Mechanix, a faifansu na 1985. Ku sa su a jere. Ta Mustaine gudu ce zalla, minti huɗu da ɗoriya, ka ji mutum yana so ya nuna wa waɗanda suka kore shi cewa ba su isa su kamo shi ba. Ta Metallica ta haura minti bakwai: sun rage mata sauri, sun buɗe mata tsakiya, sun bar ta ta numfasa kafin ta sake tasowa. Duk wanda ya ji waɗannan biyun da kunnen basira ya gama sanin ƙungiyoyin nan.

In maganar iya kaɗa jita ce, na ba Megadeth. Rust in Peace na 1990, lokacin da Marty Friedman yake jita Nick Menza yake ganga, babu faifan Metallica da ya kai shi wuyar kaɗawa. Lars kuwa, a faɗi gaskiya, ya fi iya tsara waƙa da kasuwanci a kan ganga. Amma kada a raina hannun daman Hetfield. Yawancin masu jita in sauri ya yi sauri sai su riƙa kaɗa tsirkiya sama da ƙasa don hannu ya huta. Shi ƙasa kawai yake dannawa, bugu bayan bugu, a waƙar da ta haura minti takwas. Shi ya sa kiɗansa yake da nauyin da kake ji a ƙirji. Ga murya kuma. Mustaine ta cikin haƙora yake waƙa, sai ka saba da ita kafin ka so ta.

To amma gado ka tambaya. Faifan Metallica mai baƙin bango na 1991 ya sayar da sama da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. Da Megadeth suka fitar da Countdown to Extinction a 1992, na biyu ya tsaya a jadawalin cinikin faifai na Billboard a Amurka, alhali na abokan hamayyarsu ya hau na ɗaya. A 2013 Metallica suka yi wasa a Antatika, suka cike nahiyoyi bakwai, a Disamban 2023 kuma suka yi a Riyad. Yaron da ya ɗauki jita a Indunusiya ko Brazil, da wuya ka ga bai fara da kiɗansu ba. Suna da nasu abin kunyar, ban manta ba. Ƙarar da suka kai Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, a shekarar 2000 ta sa masoyansu da yawa sun juya musu baya, gangar faifan St. Anger na 2003 kuwa kamar ana dukan garwar mai ruwa.

Abin dariya, ko ranar farin cikin Mustaine ba su bar shi ba. A 2017 Megadeth suka ci kyautar Grammy karon farko, suna tafiya karɓa makaɗan zauren suka saki kiɗan Master of Puppets na Metallica. Su dai masu faɗan sun hau dandali ɗaya a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya a watan Yunin 2010, tare da Slayer da Anthrax.

Hukunci: abokinka zai sayi gurasa, domin maganarsa ta cewa da waƙar wani suka yi suna ba ta tsaya ba. Ka dai bar masa sifikar ranar, ya sa Rust in Peace. Ni ma shi na fi sawa a gida.

TAMBAYA: Ni uwa ce, daga Gwammaja. Ɗana ɗan shekara 19 ya shigo da baƙar riga mai hoton ƙwarangwal, an rubuta Iron Maiden. Kullum kunnensa a toshe da wani kiɗa mai ihu. Maƙwabciyata ta ce 'yan ƙungiyar asiri ne. Yana sallarsa, yana karatunsa, amma hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Wannan dodo na jikin rigar sunansa Eddie, wani mai zane Derek Riggs ne ya zana shi a bangon faifansu, ya zama tambarin kasuwancinsu. Iron Maiden mutanen Landan ne, Steve Harris ya kafa su a 1975, kuma yawancin waƙoƙinsu a kan yaƙe-yaƙen tarihi da tsofaffin labarai suke. Al'adar tsoratarwar ta samo asali daga Black Sabbath, waɗanda suka ɗauko sunansu daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963, bayan sun lura mutane suna biyan kuɗi a silima don a firgita su. Da ka bi baitocin sai ka tarar da yaƙi, makamin nukiliya, da illar ƙwaya. Shi kansa Mustaine da muka yi magana a sama ya daɗe da komawa Kirista mai riƙon addininsa.

Ba zan ce miki duka lafiya lau ba ne. Akwai wani reshe da ya yi ƙarfi a ƙasar Nowe a farkon shekarun 1990, wasu daga cikinsu sun ƙona majami'u, an kuma ɗaure ɗayansu shekara 21 a 1994 saboda kisan kai da ƙone-ƙone. Akwai masu zagin addini ƙarara, akwai masu batsa. Don haka kada ki tsaya a kan riga. Ki zaunar da shi, ki ce ya buɗe baitocin waƙa uku da ya fi so ya fassara miki su da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya yi ta kame-kame a kanta, ita ce abin dubawa. Hukuncin kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne, ku je gare su.

Rigar dai ya bar ta a ɗaka. Nan Kano ne, ba kowa zai tsaya jin bayanin Derek Riggs ba. A Kasabalanka ta Maroko, a 2003, an yanke wa matasa 14 masu wannan kiɗa hukuncin ɗauri, baƙaƙen riguna na cikin abin da aka kai gaban kotu. Abin da ya fi damuna da yaron ma kunnensa ne. Lars Ulrich ya sha faɗa da bakinsa cewa yana fama da ƙarar da ba ta ɗaukewa a kunne. In kina jin kiɗan daga inda kike zaune alhali iyafis ɗin na kunnensa, ya yi yawa.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. A ɗakinmu ana musu: Led Zeppelin ne suka fara wannan kiɗa ko Black Sabbath?

AMSA: Wannan musun na ji shi tun ina ɗaukar kaset a Sabon Gari, lokacin da samarin Kwarori da ɗalibai 'yan kudu suke kawo mini faifai in juye musu a kaset mai minti casa'in, Zeppelin a fuska ɗaya Sabbath a ɗaya. Led Zeppelin sun riga fitowa, faifansu na farko a Janairun 1969 ya fito. Suna da ƙara, suna da John Bonham a ganga, amma jijiyarsu kiɗan bulus ne na baƙaƙen Amurka da waƙoƙin gargajiyar Birtaniya, kuma su kansu ba sa son a kira su 'yan metal. Ni a wurina Black Sabbath ne, kuma dalilin yana kan yatsu biyu.

Tony Iommi, mai jitar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe a Birmingham. A ranarsa ta ƙarshe a wurin, zai bari ya koma kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na kusa da ƙaramin. Shi kuwa bahago ne, wannan hannun ne yake danne tsirkiya da shi. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya dunƙula ta, ya huda ta da ƙarfe mai zafi har ta zauna a kan dungulmin, ya goge ta, ya manna mata fatar wata tsohuwar riga don kada ta riƙa zamewa. Tsirkiya mai kauri tana yi masa ciwo, sai ya koma sirara. Daga baya, a faifan Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin gaba ɗaya don su yi laushi a yatsa. Tsirkiya in ta saki, sautinta ƙasa yake yi, ya yi kauri ya yi duhu. Wannan sautin ne Metallica da Megadeth da duk na bayansu suka gada.

Faifan Black Sabbath na farko ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. In kuna son shaida, ku duba wa ya je gaishe da wa. Ran 5 ga Yulin 2025 aka yi wasan bankwana na Black Sabbath a Villa Park, filin Aston Villa da kuke gani a gidan kallon ƙwallo, a unguwar da suka taso. Metallica da Slayer da Anthrax duk sun je sun yi kiɗa kafin dattawan su fito. Ozzy a zaune ya yi waƙa saboda ciwon karkarwa, ran 22 ga watan kuma ya mutu yana da shekara 76.

TAMBAYA: Da gaske ne mawaƙin Iron Maiden direban jirgin sama ne? Kuma mu 'yan Afirka babu namu a ciki? Daga wata mai karatu a Tarauni.

AMSA: Gaskiya ne, 'yata. Bruce Dickinson, wanda ya shiga ƙungiyar a 1981, ya yi aikin tuƙin jirgin fasinja. A 2008 shi ya riƙa tuƙa su da kayansu a Boeing 757, a 2016 kuma suka koma 747. Masoya Judas Priest, abokan hamayyarsu na Birmingham, sukan ce tuƙin jirgi ba waƙa ba ne, a zo a gwada murya da mawaƙinsu Rob Halford. A wannan kam ina bayansu.

Namu suna nan. Botsuwana ce kan gaba, da ƙungiyoyi irin su Wrust da Skinflint da Overthrust, masoyansu kuma sun yi suna da shigar baƙar fata da hular kaboyi. A Togo akwai Arka'n Asrafokor, masu haɗa jita da gangunan gargajiyarsu. In kuma jita mai zafi kike nema daga kusa da gida, ki nemi Mdou Moctar, Buzun Nijar daga yankin Agadas. Ba metal yake yi ba, amma shi ma bahago ne, kuma yana cika zaure a Amurka da Turai.

Mai tambaya a kan inda ake koyon jita a Kano, da wanda ya aiko da doguwar wasiƙa yana kare Slayer, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.