Tambaya da Amsa: Na yi link, abokan aiki sun kasa buɗe fayil

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka. A ofishinmu akwai kwamfuta ɗaya mai Ubuntu 22.04, kowa na aiki cikin folda /srv/aiki. Na yi symlink a ciki zuwa fayil ɗin lissafi da ke home ɗina, ni yana buɗe min lafiya lau amma su sai ya ce musu Permission denied alhali ls -l na nuna lrwxrwxrwx, har chmod 777 na buga masa wlh ba abin da ya canza.
Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Rwx ɗin nan (izinin karantawa, rubutawa da kunnawa) da kake gani jikin link ado ne kawai, Linux ko kallonsu ba ya yi. Link kwatance ne, kamar ka manna takarda a zaure ka ce kayan na ɗakina amma ka tafi da makulli. Tun Ubuntu 21.04 sabon home, wato foldar da kowane mai account ke da ita tasa, da izinin 750 yake zuwa, wanda ba ɗan group ɗinka ba ko giftawa ba zai yi ba, kuma dole sai mutum na da x, wato izinin shiga, a kan kowace folda da ke hanya kafin ya kai ga fayil. Buga namei -l da sunan link ɗin, zai jero maka foldojin ɗaya bayan ɗaya ka ga inda aka tare su.

Shi kuwa 777 ɗin ai ya canza abu, kai ne ba ka lura ba. Ya bi link ya sauka kan ainihin fayil ɗin lissafin ya ba kowa cikakken izini a kansa, maza mayar da shi 660, wato kai da group kawai ke karantawa da rubutawa. Chown, umarnin canza mai fayil, shi ma haka yake bin link sai in ka sa masa -h.

Ni dai ba zan ce ka buɗe home ɗinka ba. Juya abin kawai, fayil ya zauna a /srv/aiki, link ya koma home ɗinka. Ku buɗe group ɗaya ku zuba kowa, a yi wa foldar chgrp, wato a mayar da ita ta wannan group ɗin, sannan chmod 2770, wannan 2 ɗin shi ke sa duk sabon fayil ya gaji group ɗin. Da cp (kwafa) za ka kai fayil ɗin fa, mv (matsarwa) yakan taho da tsohon group ɗinsa.

Kada kuma wani ya ce a sa foldar 1777 irin ta /tmp, foldar da kowa ke iya rubutu a ciki, a huta. Tun Linux kernel 3.6 na 2012 akwai wani tsaro mai suna protected_symlinks, Ubuntu na kunna shi, a irin wannan folda ba ka bin link sai naka ko na mai foldar, ko root ne kai, wato mai cikakken iko a kwamfutar, haka zai ce maka Permission denied.