Shin Barin Cin Nama Zai Taimaki Muhalli?

Malam, ka tambaya ko daina cin nama ya fi alheri ga muhalli da tausayin dabbobi. Ya danganta da inda naman ya fito.

A Brazil ana sare dajin Amazon a mai da shi makiyayar shanu, wannan kuwa ɓarna ce babba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya wadda ayyukan ɗan Adam ke haifarwa, kaso mafi tsoka daga shanu.

Saniyar Bafulatani a yankinmu kuwa tana kiwo a ƙasar da ba ta nomuwa, ta ci karan dawa da harawa bayan girbi, ta bar taki a gonar manomi. Kakana da wannan takin ya yi noma har tsufansa.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda ake cusa dabbobi a tirela, rana na dukansu tun daga kasuwar Maigatari har Legas, babu ruwa. Musulunci ya halatta nama, amma ya umarci a wasa wuƙa, a sauƙaƙa wa abin yanka. Ni dai na rage nama, na rungumi wake da awara, tsire sai ranar kasuwa.