Sarki ya tashi, amma gidan da sauran masu shi

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce malamanku za su kai ku wata tsohuwar fada da aka mayar gidan tarihi, ƙawayenki kuma na cewa tunda ba sarki a ciki, ga shi kuɗi za a biya a ƙofa, kowa ya yi yadda ya ga dama. Shi ne kike tambaya ko da sauran ladabin da za a kiyaye.

Da saura mana. Irin waɗannan gidaje da wuya ki tarar zuriyarsu ta ƙare. A Abomey ta Jamhuriyar Benin, kaburburan sarakunan Dahomey na cikin harabar, jikokinsu kuma har yau suna zuwa raya al'adunsu. A Kumasi ta Ghana, gidan da Turawan Ingila suka gina wa Sarkin Ashanti Prempeh na Ɗaya a 1925, bayan ya dawo daga tsibirin Seychelles inda suka kai shi zaman talala, shi ne gidan tarihin Manhyia, sarki mai ci kuwa yana maƙwabtaka da shi. Fadar Topkapi ta Istanbul ta zama gidan tarihi tun 1924, amma akwai sashen da aka adana mayafi da takubban da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), ana karatun Alƙur'ani a ciki. Wa zai shiga nan yana shewa?

Ni da idona na taɓa ganin wani saurayi ya tsallake igiya ya haye karaga, ya harɗe ƙafa wai a ɗauke shi hoto. Dattijon da ke tsaron ɗakin bai ce uffan ba, ya dai kau da kai yana girgiza shi. Ni da ban san yaron ba, ni kunya ta rufe.

Kada ki taɓa komai, ko da ba a rubuta ba. Gumin hannu na cin tsohuwar fata da saƙa, haske mai ƙarfi kuma na kashe launi, shi ya sa wasu ɗakunan suke da duhu-duhu. Batun takalmi, ki dubi bakin ƙofa: in kin ga an jera, ki tuɓe naki.

Mai yi muku jagora kuwa ki gaishe shi tukuna, sannan ki yi ta tambaya. Wane ne ya kwana a ɗakin nan? Ta wace ƙofa mata suke bi? In kin dawo ki kira ni, ina son jin abin da ya ce game da sashen matan, don shi ne aka fi wucewa da sauri.